Yadda zaka zaɓa wa famfon fistin mai matsi moto da inbata, don ka daina kai shi wajen naɗi

Wata rana wani mai wajen wankin mota ya kira ni, muryarsa duk ta canza, wai motonsa ya sake ƙonewa karo na uku cikin wata biyar, kuma shi ya tabbata ko dai mai naɗin koyil ne ke cutarsa da waya maras kyau ko kuma hannu aka sa masa a wajen. Na je na tarar da famfo mai fistin uku, irin na Italiya ɗin nan, an rubuta a jikinsa lita 21 a minti, matsi bar 200, an haɗa shi da moto mai kilowat 7.5, wato doki 10. Na buɗe akwatin wuta sai naga obalod, abin da ke katse wuta in moto ya ja fiye da ƙima, an murɗa shi har ƙarshe. Na ce ranka ya daɗe wa ya taɓa wannan? Ya ce yaran ne, wai yana yawan katse musu aiki ana tsaka da wanki shi ne suka ƙara masa. To kaga ba mai naɗi, ba sammu, lissafi ne ba a yi ba tun farko, abin da ke ihu yana faɗa musu gaskiya kuma suka toshe masa baki.

Abin da zan bi da kai a nan ya shafi duk famfon da ke tura ruwa da fistin, na wankin mota, na gwajin bututu, na tura laka wajen haƙar burtsatse, har da manyan na tace ruwa. Girma ne ya bambanta, hali ɗaya ne.

Fara da gane halin famfon

Yawancinmu da samo da famfon fanka muka saba, wanda in ka rufe bawul sai ruwan ya yi ta juyawa a ciki, wutar da yake ja ma ta ragu. Famfon fistin ba haka yake ba sam. Duk juyi ɗaya na karanshaf akwai adadin ruwan da dole ya fita, ko da hanya ko babu. In ka rufe masa hanya ba zai haƙura ba, matsi zai yi ta hawa har sai wani abu ya bada kai, ko tiyo ya fashe, ko kan famfon ya tsage, ko moto ya tsaya cak yana gurnani yana cin wuta.

Riƙe wannan da kyau domin komai a kansa yake: yawan ruwa yana bin gudun juyi, shi kuma ƙarfin murɗa da moto zai bayar yana bin matsi. Famfon ma ba shi ke yin matsi ba, shi ruwa kawai yake turawa, ƙanƙantar ramin nozul ko bawul ɗin da ke gaba ne ke haifar da matsin. Shi ya sa in nozul ya cinye sai kaga geji ya sauka alhali famfo lafiyarsa ƙalau, in kuma wani ya sa nozul ƙarami sai moto ya fara zafi ba a san dalili ba.

In kana son ka tabbatar da abin da aka rubuta a jikin famfo, musamman na gwanjo da lambar ta goge, auna fistin. Misali faɗinsa milimita 20, tafiyarsa milimita 16. Fuskar fistin santimita murabba'i 3.14 kenan, sau 1.6, tafiyar a santimita, ya ba ka kusan sisi 5, wato mililita 5, sau uku tunda fistin uku ne ya zama sisi 15 a juyi ɗaya. A juyi 1450 a minti zaka samu wajen lita 21.9, ka cire ɗan abin da ke zurarewa ta bawuloli sai ya dawo wajen 21.

Lissafin girman moto

Nan ne mutane ke gudu alhali ko a wayarka zaka yi shi cikin minti ɗaya. Ɗauki lita a minti, ka ninka da bar, ka raba da 600. Abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da ke shiga cikin ruwan kansa. Namu 21 sau 200 raba 600, kilowat 7 cif. Amma famfo ma yana cin nasa a boris da fakin, wato abin da ke tare ruwa a jikin fistin, da karanshaf, famfon fistin uku mai lafiya yana bada kamar kashi 85 zuwa 90 cikin 100, ni da 0.85 nake aiki. 7 raba 0.85 ya ba ka 8.2.

Kaga inda Alhaji mai wajen wankin ya faɗa. Moto na 7.5 ne, ana neman 8.2 a wajensa tun safe har magariba. A jikinsa an rubuta wajen amfiya 15, da na sa mita na kama waya yana jan sama da 17 saboda wutar ma ta yi ƙasa a ranar. Moto ba ya ƙonewa nan take da irin wannan ɗan ƙarin, a hankali yake dahuwa, kuma ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 a kan koyil yana raba tsawon ran fentin wayar biyu.

Motoci masu bin ma'aunin Turai girmansu a jere yake, 4, 5.5, 7.5, 11, 15, 18.5, 22 da sauransu, babu 9 a yawancin shaguna. Don haka daga 8.2 sai 11. Na ba Alhaji zaɓi biyu, ko ya sayi 11, ko ya sauke matsi zuwa bar 170, wanda zai ba shi 21 sau 170 raba 600 raba 0.85, kilowat 7, motonsa ya ɗauka amma da ƙaramar rata. Gaskiya wankin ƙananan motoci ma bai buƙatar 200, sai dai shi yana wanke tireloli da tifofi masu laka a ƙasa, shi ya sa ya zaɓi babban.

Kar ka manta da zafin garinmu. Lambar da ke jikin moto an yi ta ne a kan iska ba ta wuce digiri 40 ba, wuri kuma bai wuce mita 1000 a sama da teku ba. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai cikin Afrilu inuwa ma tana wuce 40, balle ɗan ɗakin kwano da ake cusa injin a ciki ba taga. In a Jos kake, tsayin wurin ya haura mita 1000, iska ta fi sirara ba ta sanyaya moto sosai, ana rage kamar kashi 1 cikin 100 a duk ƙarin mita 100. Don haka ni bana barin ratar da ta gaza kashi 15 zuwa 20 a kan lissafi. Nemi mai rufi IP55, mai tare ƙura da feshin ruwa, tunda wajen ruwa ne, da koyil ajin F na jure zafi, kuma aikinsa S1 wato mai yi ba tsayawa.

Gudu, fuli da bel

Wutarmu hez 50 ce. Moto mai fol 4 yana juyi wajen 1450 a minti, mai fol 2 wajen 2900, mai fol 6 wajen 960. Dan Allah kar ka ɗora famfon 1450 kai tsaye a kan moton 2900 don ka same shi da araha, ruwa zai ninka, wutar da ake buƙata ta ninka, bawuloli ba za su iya rufewa da wannan saurin ba.

Ga wani tarko da masu sayen kayan gwanjo ke faɗawa. Kayan Amurka an yi su ne a kan hez 60, famfon zaka ga an rubuta 1750. In ka kawo shi nan ka haɗa kai tsaye zai yi 1450, ruwan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, matsi ya faɗi a nozul ɗin da ya zo da shi, sai a ce famfo ya gaji. Bai gaji ba, ko ka canza fuli ko ka sa nozul da ya dace da sabon ruwan.

Lissafin fuli ba wuya, faɗin fulin moto sau gudunsa daidai yake da faɗin fulin famfo sau gudunsa. Famfo na son 1000, moto na 1450, in fulin moto milimita 200 ne na famfo zai zama 290. Ni ina son bel a kan irin wannan famfon fiye da haɗin kai tsaye in akwai wuri, saboda bel yana shanye bugun fistin, babban fulin ƙarfe kuma nauyinsa na taimaka wa moto ya wuce kowane bugu ba tare da wuta tana tsalle ba. Sai dai a sa bel isassu, biyu ko uku na saiti ɗaya, ba a haɗa sabo da tsoho, kuma a daidaita fulin biyu da zare ko doguwar rula. Bel da aka ɗaure kamar tsirkiyar baka boris yake ci, wanda ya saki kuma zamewa yake yana ƙauri. A sa masa murfi, yaran wanki da riga jiƙaƙƙiya suke zagaya wajen.

Tada moto, nan ake yawan kuskure

Moto in ka ba shi wuta kai tsaye yana jan ninki 6 zuwa 8 na amfiyarsa na 'yan daƙiƙu. Na kilowat 11 da ke cin wajen amfiya 22 zai iya fizgar sama da 130, shi ne zaka ga fitilun layi sun lumshe ko janareta ya durƙusa. Sai mutane su ce a sa sta-delta, wato moto ya tashi a haɗin sta mai rage wuta sannan a mayar da shi haɗin delta na aiki. To sta-delta yana rage wutar tashi zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma ƙarfin murɗa ma zuwa kashi ɗaya cikin uku yake saukowa. A famfon fanka ba komai tunda ba nauyi a farkon tashi. A famfon fistin in akwai matsi a layi, nauyin yana nan cikakke tun juyin farko, moto zai tsaya a sta yana kuka, lokacin da taima ta jefa shi delta sai ya fizgi wutar da ake gudu tun farko. Sof-stata, mai ƙara boltej a hankali lokacin tashi, ma kusan haka ne, in ka rage boltej rabi murɗa tana komawa kashi ɗaya cikin huɗu.

Maganin shi ne famfo ya tashi ba kaya. Dole a samu bawul ɗin anloda ko na kewaye da zai mayar da ruwa tanki lokacin tashi, sai moto ya kai gudunsa sannan matsi ya hau. A ƙananan injina ya isa yaro ya matse bindiga kafin a kunna, a manya kuma a sa bawul mai solinoyid da taima ta rufe shi bayan daƙiƙa kaɗan.

Tunda mun zo kan anloda bari in faɗi wannan. Anloda daban, bawul ɗin kariya daban. Anloda yana aiki kullum, yana iya maƙalewa da yashi. Bawul ɗin kariya yana zaune ne shiru, an saita shi kamar kashi 10 sama da matsin aiki, yana tsakanin famfo da duk wani bawul da hannu zai iya rufewa. Na sha ganin an cire shi an toshe ramin da noti wai yana ɗigo. Ruwan bar 200 yana huda fata ya shiga cikin nama, raunin a waje kamar tsinin allura, a ciki kuma aikin tiyata ne, wanda abin ya samu a kai shi asibiti a take ko da yana cewa ba komai. Sannan ruwan da anloda ke mayarwa a kai shi tanki, in aka mayar da shi bakin famfo yana zagaye a ciki cikin 'yan mintuna zai yi zafi ya dafa sil.

Inbata, wato VFD

Na'ura ce mai canza hez ɗin wuta don sarrafa gudun moto. In aljihu zai ɗauka wannan shi ne abin da nake ba mutane shawara daga kilowat 5.5 zuwa sama. Yana tada moto a hankali da cikakken ƙarfin murɗa, wutar tashi ba ta wuce ninki ɗaya da rabi, kuma kana iya rage ruwa ta rage gudu maimakon ka yi ta zubar da shi ta anloda kana biyan kuɗin wuta a banza. Amma zaɓensa akwai wayo.

Da amfiya ake zaɓen inbata ba da kilowat ba, kuma amfiyar aiki mai nauyi. Yawancinsu lamba biyu gare su. A na Chana zaka ga an rubuta kamar 11G/15P, wato 11 a aiki mai nauyi, 15 a aikin fanka da famfo. Mai shago zai ce maka ai ga P nan, famfo kenan, ɗauki ƙarami ka rage kuɗi. Wannan P ɗin famfon fanka ake nufi. Naka a G yake, wanda ke jure ƙarin kashi 50 cikin 100 na minti ɗaya, shi kuwa P bai wuce ƙarin 10 zuwa 20 ba. Na kamfanoni su ABB da Danfoss da Schneider ma haka suke da lamba biyu, sunan ne kawai ya bambanta. Moton 11 mai amfiya 22, nemi wanda amfiyarsa ta G ta kai 22 ko ta ɗan wuce, in ɗakin na da zafi ƙara mataki ɗaya.

Wajen saiti fara da shigar da bayanan jikin moto daidai, boltej, amfiya, hez, juyi, sannan ka bar shi ya yi otatiyun, wato ya auna moton da kansa. Zaɓi tsarin bekta in yana da shi, in kuma tsarin boltej da hez zaka bari to madaidaicin layi ne, ba mai lanƙwasa na fanka ba, domin mai lanƙwasa yana rage ƙarfi a ƙaramin gudu kuma nan ne famfonka bai rage nauyi ba. Lokacin hawa daƙiƙa 3 zuwa 5 ya wadatar a ƙananan injina.

Ga abin da ya kamata ka zauna a kansa. Ƙarfin murɗa shi ne 9550 sau kilowat raba juyi, namu 9550 sau 8.2 raba 1450, wajen niyuton-mita 54. In ka rage gudu zuwa rabi amma matsi yana nan a 200, kamar a gwajin bututu, murɗa tana nan a 54, amfiya ma kusan tana nan, zafin koyil yana nan. Abin da ya ragu shi ne fankar da ke bayan moto, tunda a kan shaf ɗaya take. Moto na haifar da zafi iri ɗaya, iskar sanyaya shi ta ragu sosai. Don haka in zaka daɗe ƙasa da hez 25 ko 30 da cikakken matsi sai ka sa masa fanka mai wutarta daban. Famfon kansa ma yana da mafi ƙarancin gudu, saboda yawancinsu karanshaf ne ke fantsama mai zuwa boris, in ya yi sanyin juyi man ba ya kaiwa. Duba takardarsa ka sa wannan a matsayin ƙaramin hez ɗin inbata. Ka kuma bi kibiyar da ke nuna ɓangaren juyi.

In kana son matsi ya tsaya wuri ɗaya da kansa, sa na'urar auna matsi mai bada miliamfiya 4 zuwa 20 ka haɗa da PID na inbata, tsarin da ke ƙara ko rage gudu don matsi ya tsaya inda ka saita. Sai dai ka sani matsin famfon fistin rawa yake, bugu uku a kowane juyi, in ka ɗaura na'urar a kan famfon inbata zai yi ta bin rawar yana hawa yana sauka kamar mai shaƙuwa. Kai ta can gaba bayan tulun rage bugu, ɗan tulun ƙarfe da ake sawa a layin fita don ya shanye rawar matsin, ka ƙara lokacin tacewa a saiti, ka sassauta PID ɗin. Shi tulun da iskar naitirojin ake cika shi, yawanci kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na matsin aiki gwargwadon abin da mai ƙera shi ya rubuta. Wallahi kar wani ya ce maka a cika da oksijin na mai walda, oksijin da mai in suka haɗu a matsi bam ne.

Abubuwa uku da ke kashe inbata a hannun mutanenmu: sa kafasita a gefen fitarsa, sa kontakta, wato makunni mai maganaɗisu, tsakaninsa da moto ana buɗewa yana cikin gudu, da barin ƙurar hunturu ta toshe masa fanka. In ka kashe wuta kuma kar ka sa hannu nan take, kafasitocin ciki suna riƙe da sama da bolt 500, jira minti 10 ka auna.

Wuta, waya da janareta

Tiri-fes ɗinmu bolt 400 ne a takarda, a zahiri kuwa kowa ya san yadda take zuwa, layi ɗaya 230, ɗaya 205, wani lokaci ɗaya ya ɗauke gaba ɗaya. Bambancin boltej na kashi 1 tsakanin layuka yana iya zama bambancin amfiya na kashi 6 zuwa 10, in ya kai kashi 5 ma bai kamata a kunna moto ba. Rilen faɗuwar layi, wanda ke kashe moto in layi ɗaya ya ɗauke, saka shi. Obalod kuma a saita shi daidai amfiyar jikin moto, in sta-delta ne kuma yana cikin layin delta to kashi 58 cikin 100 na wannan amfiyar. In yana katsewa a nemi dalili.

Waya ga amfiya 22, jan ƙarfe milimita 4 in kusa ne, 6 in da nisa, kuma ka kankare bakinta ka gani, akwai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a kasuwa. Daga inbata zuwa moto a gajarta, in ya wuce mita 50 a sa riyakta, wato koyil mai tausasa wutar, a fita. Wayar ƙasa dole ce, daga jikin moto da famfo da akwati zuwa sandar da aka kafa a ƙasa mai laima, mutane a cikin ruwa suke tsaye da bindigar ƙarfe a hannu. Janareta kuwa, in kai tsaye kake tadawa nemi kVA kamar ninki uku na kilowat ɗin moto, wato 30 zuwa sama ga na 11, da inbata kuma wajen 20 zai riƙe in ba wani kaya a kansa.

Gefen shan ruwa ma yana shafar moto ko da ba a zata ba. Tiyon shiga ya fi bakin famfo faɗi da mataki ɗaya, gajere, ba lanƙwasa da yawa, tanki a sama da famfo, da filta saboda yashin burtsatse. In famfo na jin yunwar ruwa zaka ji yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a ciki, allurar geji na karkarwa, amfiya na tsalle.

Ranar gwaji cire nozul, sassauta anloda gaba ɗaya, kunna ka bar ruwa ya kori iska na minti biyu. Mayar da nozul, kama waya da mita, ka riƙa ɗaure anloda rabin juyi rabin juyi kana kallon geji da amfiya tare, ka auna layukan uku ɗaya bayan ɗaya. Da ka kai matsin da kake so tsaya, ɗaure notin kulle, ka ɗiga masa fenti yadda in yara sun taɓa zaka gani. A wajen Alhaji moton 11 ya tsaya a wajen amfiya 17 a bar 200, bayan awa ɗaya na dafa jikinsa da zafi amma hannu na iya zama. Na rubuta amfiyar da matsin da maka a bangon ɗakin, na ce wa babban yaron ya zubar da man famfo bayan awa 50 na farko, daga nan kuma duk awa 500, in kuma ya ga man ya koma fari kamar madara to ruwa ya shiga, sil ya tafi, ya kashe ya kira ni.